Milimita biyu a huhu: yadda ake auna ƙullutu da sikana, da inda awon ke zamewa

A Kamaru ko Chadi, mai fama da cutar kansa, wato sankara, idan aka tura shi sikana ta ƙirji, wato hoton CT, yakan dawo da babban ambulan da takarda guda a Faransanci, kuma a duk cikin takardar nan lamba ce ido ke fara sauka a kai. Wata uku da suka wuce an rubuta ƙullutu a huhun dama, milimita 6. Yau an rubuta 8. Nan take gida ya rikice: ciwo ya ƙaru, magani bai karɓe shi ba, kuɗin da aka yi karo-karo aka haɗa sun tafi a banza. Ta yiwu haka ɗin ne. Ta yiwu kuma ƙullutun yana nan yadda yake, abin da ya sauya shi ne na'urar, ko kaurin yankan hoton, ko numfashin mara lafiyar, ko hannun da ya ja layin awon. Rarrabe waɗannan biyun shi ne aikin, kuma ya fi wuya nesa ba kusa ba fiye da yadda takardar ke nunawa.

Ana leƙa huhu ko da kansar a wani wuri take saboda hanyar jini. Duk jinin da ya zaga jiki sai ya ratsa ta huhu kafin ya sake fita, kuma a can ne jijiyoyin ke rarrabuwa su zama sirara ƙwarai. Ƙwayar kansar da ta ɓalle daga mama, ko hanji, ko ƙoda, ko ƙashi, ko hanta tana iya maƙalewa a nan ta kafa saiwa. Da zarar ta yi, lissafin magani ya juya. Matar da ake shirin yi wa tiyatar mama da fatan warkewa gaba ɗaya za a sake mata tsari. Matashi mai kansar ƙashi kuwa, 'yan ƙullutai masu milimita kaɗan suna iya sa likitoci su yanke shawarar buɗe ƙirji a ciro su. A wajen likitoci, abu ƙullutu ne muddin bai wuce santimita 3 ba. Idan ya haura, ya koma ƙari babba, hukuncinsa daban.

Hoton ƙirji na yau da kullum, wanda muke cewa rediyo, inuwa ce guda da ta tattara haƙarƙari da zuciya da jijiyoyi da huhu a kan juna. Abin da bai kai santimita ɗaya ba yakan ɓuya a cikinta. Sikana ta zo da wata dabara. Injiniyan Ingila Godfrey Hounsfield ne ya ƙera ta, aka fara gwada ta kan mara lafiya a Landan a 1971, shi da Allan Cormack kuma suka sami kyautar Nobel a 1979. Hasken X-ray na zagaya jiki ne, kwamfuta ta lissafa yadda kowane ɗan gurbi ya tare shi, ta ba shi lamba. Ruwa 0 ne a wannan ma'aunin, iska -1000, huhu mai lafiya yana wajen -800 saboda galibinsa iska ne, tsoka tana ɗan sama da 0, ƙashi kuma ɗaruruwa zuwa sama da 1000. Da irin wannan tazara tsakanin tsoka da iska, ƙullutu a huhu yakan fito fari tas a cikin baƙi. Ganinsa ba ya wuya. Matsalar tana bakinsa, wato daidai inda za a ce nan ya ƙare, nan huhu ya fara.

Abu na farko da ke taɓa bakin nan shi ne kaurin yanka. A ɗauki dogon burodin nan na safe, a ce an cusa ƙwayar dawa guda a cikinsa. Idan aka yanka shi da kauri, ƙwayar na iya faɗawa cikin yanki ɗaya tare da burodi mai yawa sama da ƙasa, ko wuƙa ta raba ta rabi nan rabi can. Idan aka yanka siriri-siriri, dole wani yanki ya bi ta tsakiyarta inda ta fi faɗi. Sikana ba ta nuna abin da ke cikin yanki dalla-dalla, matsakaicinsa take bayarwa. Ƙullutu mai milimita 4 a cikin yanka mai kaurin milimita 5 zai gauraya da iskar da ke kewaye da shi, ya fito dusu-dusu, bakinsa a goge. Wani lokaci ya yi kamar ya fi girmansa, wani lokaci ya yi kamar hazo alhali curi ne, wani lokaci ma ɗan farin dutsen da ke tsakiyarsa, wanda da shi za a gane tsohon tabo ne, ya ɓace. Shi ya sa ƙa'idar da aka fi bi ta ce yankan awon ƙullutu kada ya wuce milimita 1.5, galibi ma milimita 1 ake so.

Wannan siririn yankan, haɗe da sarrafa hoton ta yadda gefuna za su fito da kaifi, shi ake nufi da sikana mai tsananin fayyacewa. Sai dai akwai tarko a sunan. A tsohon salonta, wanda aka tsara don cututtukan da ke bazuwa a huhu gaba ɗaya, ana ɗaukar yanka mai milimita 1 ne a tsallake wajen milimita 10 kafin a ɗauki na gaba. Ga mai neman ƙullutu wannan ba ya amfani, domin ƙaramin ƙullutu zai iya zama cikin tsallaken nan ba a gan shi ba sam. Na'urorin yanzu masu layuka da yawa, wato masu ɗaukar yanka da yawa a zagaye guda, ko da mai layi 16 ce, suna kwashe ƙirji duka cikin daƙiƙu kaɗan ba tare da giɓi ba, daga baya a fitar da kaurin da ake so. Ke nan sau da yawa siraran yankan suna cikin na'urar lokacin da aka ɗauki hoton. Tambayar ita ce ko an fitar da su an ajiye, ko kuwa masu kauri kawai aka buga aka share sauran.

Akwai kuma iyakar da ko siririn yanka ba ya tsallakewa. Hoton sikana galibi ɗigo 512 ne a tsaye, 512 a kwance. Idan faɗin da aka ɗauka santimita 35 ne, kowane ɗigo ya kusa milimita 0.7. Ƙullutu mai milimita 5 bai wuce ɗigo 7 ba daga gefe zuwa gefe. Mai awo ya zarce da ɗigo ɗaya a dama, ɗaya a hagu, ya ƙara kusan milimita ɗaya da rabi, kuma ba wanda zai ce ya yi sakaci.

Sannan ga yadda aka buɗe hoton a allo. Ido ba ya iya rarrabe dubban lambobin nan a lokaci guda, don haka ana zaɓar zango, wanda masu aikin ke kira taga. Tagar huhu tana da faɗi, tsakiyarta wajen -600, faɗinta wajen 1500. Tagar tsoka, wadda ake duba zuciya da kaluluwa da ita, ƙunci gare ta, kuma duk abin da bai yi kauri sosai ba baƙi take mayar da shi. Ƙullutu ɗaya, a hoto ɗaya, a tagar tsoka zai fito ƙarami fiye da yadda yake a tagar huhu. Ƙa'ida ita ce a auna a tagar huhu, kowane karo. A nan ne bugaggen fim yake cutar mu. Fim ya riga ya daskare a taga ɗaya da 'yan yankan da aka zaɓa, an ƙanƙance su don su shiga takarda. Balle kuma a ɗaga shi a hasken rana a ɗauka da waya a tura wa wani likita a Yawunde ta WhatsApp. Likitan zai iya cewa akwai wani abu a wurin. Ba zai iya cewa ya ƙaru ba, kuma idan ya faɗa, a yi hattara da maganar.

Numfashi shi ne ɓangaren da ya fi sauƙin gyarawa, kuma shi aka fi rainawa. Ana so mara lafiya ya ja iska har huhu ya cika, ya riƙe har a gama. Idan bai cika ba, ƙasan huhu yakan takure, jijiyoyi su matso kusa da juna, ƙullutu ya sauya siffa ko ya manne da abin da ke gefensa. Idan ya saki numfashi ana cikin ɗauka, hoton ya girgiza, bakin ƙullutun ya zama biyu. To, a Garwa ko Marwa ko Njamena, umarnin nan sau da yawa da Faransanci yake fitowa, wani lokaci ma murya ce da aka naɗa cikin na'urar, ga kuma dattijon da Hausa ko Fulatanci ko Larabcin Chadi kawai yake ji, kwance shi kaɗai cikin ɗaki mai sanyi, a tsorace. Minti biyu a bakin ƙofa sun isa: "Baba, idan ka ji an yi magana, ka ja numfashi har ƙirji ya cika, ka riƙe, kada ka saki sai an sake magana." A sa shi ya gwada a gaban mai rakiyarsa. A ganina wannan ya fi wata sabuwar manhaja mai tsada tasiri a kan ingancin awon, kuma ko dala ba ya ci.

Bayan duk wannan sai hannun mutum. Ƙullutu ba cikakken zagaye ba ne. Wani mulmulalle ne, wani dogo, wani da ƙayoyi a jikinsa, wani kuma jijiyar jini ta ratsa gefensa har ba a san inda ɗaya ya tsaya ɗaya ya fara ba. Mai karanta hoto sai ya zaɓi yankan da ya ga ya fi faɗi, ya zaɓi inda zai dasa layi, ya yanke ko ƙayoyin na ciki ko ba sa ciki (ƙa'ida ta ce jikin ake aunawa, ban da ƙayoyin). Likitoci biyu ƙwararru ba sa yawan dacewa daidai, mutum ɗaya ma idan aka ba shi hoton gobe yana iya saɓa wa kansa. An taɓa gwada wannan a cibiyar kansa ta Memorial Sloan Kettering da ke Niyok: masu kansar huhu sama da 30 aka ɗauke su hoto sau biyu a na'ura ɗaya, tsakani bai wuce minti 15 ba. Ba ƙarin da zai girma cikin minti 15, amma awon ya zo da bambanci, a wasu har ya wuce milimita 2. Saboda irin wannan ne Ƙungiyar Fleischner, ta masana hoton ƙirji, ta ba da shawara a 2017 cewa kada a ce ƙullutu ya girma sai bambancin ya kai aƙalla milimita 2, a rubuta awo da cikakkiyar milimita ba tare da ɗigon goma ba, sannan ga wanda bai kai milimita 10 ba a haɗa tsawo da faɗi a raba biyu. Rahoton da ya ce 6.3 ya koma 6.9 yana nuna ƙwarewar da na'urar ba ta da ita.

Abin da ya sa milimita ɗaya ko biyu suke da nauyi haka lissafi ne. Ƙullutu curi ne, ba layi ba, kuma cikinsa na ƙaruwa da sauri fiye da faɗinsa. Mai faɗin milimita 5 cikinsa wajen milimita kubik 65 ne, mai 6 wajen 113, mai 8 wajen 268, mai 10 wajen 524. Daga 8 zuwa 10 ido ba ya ganin wani abin a zo a gani, amma ƙwayoyin sun kusa ninkawa. Ƙarin kashi 26 cikin 100 na faɗi daidai yake da ninkin curi. Wuƙar kuma baki biyu gare ta: girma na gaske yana ɓuya cikin ɗan bambanci, kuskuren hannu na milimita ɗaya a kan ƙaramin ƙullutu kuma yana kama da girma mai ban tsoro.

Don haka aka koma auna girman cikin curin da kwamfuta, ta zagaye ƙullutun a dukkan yankan ta ƙirga. Daga awo biyu da kwanakin da ke tsakaninsu ake fitar da tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya ninka. Babban binciken NELSON da aka yi a Holan da Beljiyam, wanda sakamakonsa ya fito a 2020, a kan wannan ya dogara, inda ƙullutun da ke ninkawa cikin ƙasa da kwana 400 ya zama abin zargi. Awon curi ya fi na layi daidaito, amma shi ma yana da nasa wasan, har ana cewa sauyin da bai kai kashi 25 cikin 100 ba kada a ɗora hukunci a kansa. Yana buƙatar siraran yanka, da manhaja iri ɗaya a karo biyun, kuma yakan ruɗe idan ƙullutun ya manne da jijiya ko bangon ƙirji. Akwai darasi a nan ga masu gaggawa: sake sikana bayan sati biyu don a ga ko ya ƙaru yawanci asarar kuɗi ce da shan haske a banza, domin girman da zai yi cikin wannan lokacin bai fita daga cikin kuskuren awo ba.

Wace ƙa'ida ake bi kuma? Nan ma ana yawan cakuɗawa. Jadawalin Fleischner da ke cewa ƙullutu ƙasa da milimita 6 galibi ba ya buƙatar bibiya, na 6 zuwa 8 a sake dubawa, na sama da 8 a zurfafa bincike, an yi shi ne don wanda aka tsinci ƙullutu a huhunsa bisa katari. Su da kansu sun ce bai shafi wanda aka riga aka san yana da kansa ba. Ƙullutu mai milimita 4 a huhun lafiyayyen mutum kusan ba komai ba ne. A huhun mai kansar ƙashi abin sa ido ne. Idan takardar neman hoto ba ta faɗi irin kansar da maganin da ake sha ba, mai karantawa na iya kwantar da hankali inda bai kamata ba.

Ga wanda ke kan magani, ma'aunin da aka sani shi ne RECIST, wanda ya fito a 2000 aka gyara shi a 2009. Ana zaɓar ƙari har 5 a jiki duka, kada su wuce 2 a gaɓa ɗaya, kowanne aƙalla milimita 10, a auna tsawon kowanne inda ya fi tsawo a tara. A ce biyu a huhu, 20 da 15, ɗaya a hanta, 25, jimla 60. Idan jimlar ta sauka da kashi 30 cikin 100, wato ta kai 42 ko ƙasa, magani ya yi aiki. Idan ta hau da kashi 20 daga mafi ƙanƙantar jimlar da aka taɓa samu, kuma hawan ya kai aƙalla milimita 5, ciwo ya ci gaba. Sharaɗin milimita 5 ɗin nan an saka shi ne a gyaran 2009 domin kada rawar hannu ta sa a tsayar da maganin da ke aiki: daga 10 zuwa 12 kashi 20 ne, amma milimita 2 ce kacal. Ƙullutai ƙasa da milimita 10 ba sa shiga jimla, ana dai lura da su. Fitowar sabo kuwa, idan an tabbatar na kansa ne, shi kaɗai ya isa a ce ciwo ya ci gaba, shi ya sa yake da haɗari a gwada siririn yanka na yau da mai kauri na da. Abin da aka kira sabo ta yiwu yana nan tuntuni, hoton farko ne bai kama shi ba.

Idan kansar ta huhun ce da kanta, girma yana cikin abubuwan da ke tsara matakinta, iyakokin kuma suna kan santimita 1, 2, 3, 4, 5 da 7. Ƙullutun da wani sashensa hazo ne wani curi, curin ake aunawa daban, domin shi ne ya fi nuna ɓangaren da ke cin nama.

Akwai abin da awo, komai kyansa, ba ya faɗi, kuma a ƙasashenmu shi ne babba. Tarin fuka yana nan da yawa a Kamaru da Chadi, kuma yana barin tabo. Mutane da dama suna yawo da ƙananan ƙullutai a huhu da ba ruwansu da kansa. Wanda ya daskare ya zama dutse gaba ɗaya ko a tsakiyarsa galibi tsohon tabo ne, sai dai a kansar ƙashi, wadda 'ya'yanta ma kan yi dutse. Ɗan ƙarami mai kusurwa uku da ke kwance kan layin da ya raba sassan huhu yawanci kaluluwa ce mara illa. Amma tarin fuka mai rai yana girma, yana yin rami, yana fitar da sababbi, musamman ga wanda shimiyo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, ya raunana masa garkuwa ko mai ɗauke da ƙanjamau. Hoton PET, wanda ke haskaka inda ƙwayoyi ke aiki da yawa a jiki, shi ma ba ya raba gardamar, domin tarin fuka na haskawa a cikinsa, ƙananan ƙullutai kuma ba ya kama su da kyau. Ƙullutun da ya ƙaru a huhun mai kansa a Kusiri yana buƙatar a yi gwajin majina, a tambayi zazzaɓin dare da rama, wani lokaci a ɗebo tsoka a duba, kafin a rufe magana. Kuskuren yana tafiya ta fuska biyu: a hana mutum tiyatar da za ta warkar da shi saboda tabon tari, ko a ɗora shi kan maganin tari wata 6 kansar na cinsa.

Duk abin da aka faɗa ya tsaya kan gwada hoto da hoto, kuma nan ne tafiyar mara lafiyarmu ke karya lissafin. Hoton farko a Marwa, na biyu a Garwa don ranar na'urar can ta tsaya, na uku a Yawunde ko Duwala bayan an kwana cikin jirgin ƙasa daga Ngaundere, wani kuma ya tsallaka gada daga Kusiri ya yi nasa a Njamena. Na'ura daban, kauri daban, mai karantawa daban, kuma na ƙarshen bai taɓa ganin hoton farko ba, lambar da ke kan takarda kawai aka nuna masa. Gwada awonka da lambar da wani ya rubuta ba awo ba ne. Abin da ya dace shi ne mutum ɗaya ya buɗe tsoho da sabo gefe da gefe ya auna duka biyun da hannunsa. Wannan ba ya yiwuwa sai da faifan sidi ko filasha mai ɗauke da ainihin hotunan, har da siraran yankan, ba hotunan da aka kwafo daga allo ba. Mai jinya ya nemi faifan tun ranar, ya sa a buɗe a gabansa a tabbatar yana aiki, ya rubuta kwanan wata a kai, ya kare shi daga zafi da ƙura, kuma inda hali ya yi a koma na'urar da aka fara da ita. Ba kowane wuri ne ke ajiye hotuna na dogon lokaci ba.

Sai batun lokaci, wanda ba a cika ambata ba. RECIST ta ce hoton tushe, wanda za a riƙa gwada sauran da shi, kada ya wuce sati 4 kafin fara magani. A wajenmu ana iya ɗaukar hoto a watan Janairu, a tsaya neman kuɗi da jiran sakamakon tsoka da shirin tafiya kudu, shimiyo bai fara ba sai Afrilu. Ƙullutun da yake 12 a Janairu ya kai 18 ranar da aka ɗaura ruwan farko, ba wanda ya sani tunda ba a sake hoto ba. Magani ya sauko da shi 14. Aka gwada 14 da 12, aka ce ya ƙaru, aka sauya maganin da yake aiki zuwa wani mai tsada. Idan jinkiri ya yi tsawo, sake sikana daf da fara magani kan fi arha a kan wannan sauyin, kuma tambaya ce da mai jinya ke da damar yi wa likita kafin a ɗaura ruwan.